Ga Kango a Tsakiyar Gari, Ga Mai Neman Ɗaki a Bayan Gari: Fashin Baƙi Kan Gidajen Gama-Kai a Zariya

Me ya sa magidanci a Zariya zai tafi can bayan Dakace ko gefen Shika ya sayi fili inda babu ruwa, babu wuta, babu makarantar da yaro zai je da ƙafa, alhali a cikin birni da Tudun Wada da Sabon Gari ga kangaye nan da filayen da aka killace shekara da shekaru ba a aza musu ko tubali ɗaya ba? Duk lokacin da masu gidaje suka ƙara kuɗin haya sai wannan tambaya ta dawo bakin mutane, kuma tare da ita ake jin wata shawara da masana tsara birane ke yawan kawowa: jama'a su haɗu a ƙungiyar gama-kai, su samu irin waɗannan wurare da ke zaune a banza, su gina gidaje masu awo ɗaya da ake harhaɗawa, da kayan da ba sa cinye aljihu kuma ba sa ɓata muhalli.

Shawarar na shan mummunar fahimta. Wani da ya ji sai ya ce kwantena za a jera a zuba mutane. Wani ya ɗauka gwamnati ce za ta raba gidaje kyauta. Wani kuma gidan haya ne ya faɗo masa a rai, mai ɗaki goma sha biyu da banɗaki ɗaya. Babu ko ɗaya daga ciki. Kuma a ganina, abin da zai sa ta yiwu ko ta rushe a Zariya ba fasahar gini ba ne. Maganar fili ce, da wanda ke riƙe da takardarsa.

Wane ne mai gidan?

A tsarin gama-kai, ƙungiya ce ke mallakar filin da ginin. Mamba yana da hannun jari a ƙungiyar, kuma wannan jarin ne ke ba shi haƙƙin zama a sashensa muddin yana biyan abin da aka yanka masa duk wata. Ba ɗan haya ba ne, domin babu mai gidan da zai aiko masa da takardar tashi don ya samu wanda zai biya fiye da shi. Ba kuma mai gida ba ne irin wanda muka saba, domin ba zai wayi gari ya kira dillali ya sayar wa duk wanda ya fi tayi ba. In zai tashi, ƙungiya ce ke mayar masa da jarinsa bisa lissafin da aka rubuta tun farko, ta shigo da na gaba a layi. A wajen zaɓe da yanke shawara kuwa, kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan kuɗinsa, ƙa'idar da ƙungiyoyin gama-kai suka gada daga masaƙan garin Rochdale na Ingila tun 1844.

Wannan ƙulli na hana sayarwa a kasuwa shi ne zuciyar al'amarin. Mun sha ganin rukunin gidajen da aka gina da sunan masu ƙaramin ƙarfi, kafin a shekara biyar sun koma hannun masu kuɗi, su kuma sun zuba 'yan haya. Inda aka ɗaure gida a hannun ƙungiya, sauƙin da mutum na farko ya samu yana nan har na biyu da na uku su same shi.

Ƙasar da ta fi yin nisa a wannan hanya cikin ƙasashe masu tasowa ita ce Uruguwai. Dokar gidaje da suka yi a 1968 ta ba ƙungiyoyi damar karɓar rance su yi gini, mambobi kuma su biya wani kaso na kuɗin da guminsu, kowane iyali na ba da sa'o'in aiki duk mako a wurin ginin. A 1970 ƙungiyoyin suka haɗu ƙarƙashin uwa ɗaya mai suna FUCVAM, kuma dubban iyalai ne ke zaune a irin waɗannan gidaje har yau. Bazazzagin da ya san aikin gayya ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Ginin harhaɗawa ba kwantena ba ne

Abin da ake nufi shi ne a tsayar da awo ɗaya: faɗin ɗaki, tsayin ƙofa, girman taga, tazarar ginshiƙai. Da zarar an yi haka, maƙeri zai iya ƙera taga arba'in a zama ɗaya, kafinta ya yanka katakon rufi ba tare da ragowar da za a zubar ba, a zuba linta da fale-falen dabe a wuri guda a ɗauko su a jera. Aiki ya yi sauri, asara ta ragu, kuma gida na iya ƙaruwa nan gaba ba tare da an fasa bango ba.

Gaskiya ne a wasu wurare an yi amfani da kwantena. A Amsterdam an taɓa jera kimanin 1,000 aka mayar da su ɗakunan ɗalibai. Amma akwatin ƙarfe mai faɗin ƙafa takwas a zafin Maris da Afrilu na Zariya azaba ne, kuma kafin a lulluɓe shi da abin tare zafi, a sa masa na'urar sanyaya ɗaki da wutar da babu ita, kuɗinsa ya wuce na ginin bulo. Wanda ya zo da wannan shawara a nan, a sallame shi da girma.

Misalin da ya fi kusa da halinmu daga ƙasar Chile yake. A garin Iquique, a 2004, an gina wa iyalai 93 gidaje a kan filin da suke zaune a tsakiyar gari maimakon a kwashe su zuwa bayan gari. Kuɗin bai isa cikakken gida ba, sai masu zanen, ƙarƙashin Alejandro Aravena, suka gina rabin da ya fi wuya: harsashi, bene, kicin da banɗaki, suka bar gurbi a gefen kowane gida domin iyali su cike da kansu in hali ya samu. Haka gidan Bahaushe yake girma tun asali. Ana fara wa da zaure da katanga da ɗaki ɗaya ko biyu. Yaro ya isa aure a yanka masa sashe, a tayar da ciki da falo. Bambancin kawai shi ne a sabon tsarin an san tun ranar farko inda ɗaki na uku zai zauna, inda kwata za ta bi, da nauyin da harsashi zai iya ɗauka.

Ina filayen suke, kuma na wa ne?

A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari a haɗe sun kai mutum kusan 700,000, kuma ba a sake ƙidaya ba tun daga lokacin. Gari ne na makarantu: Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 da harabobinta na Samaru da Kongo, asibitin koyarwa a Shika, kwalejin horar da matuƙa jirgin sama a Palladan, kwalejin Nuhu Bamalli, barikokin soja. Kowace shekara ɗalibai da ma'aikata na shigowa neman ɗaki, shi ya sa haya a Samaru da Palladan da Hanwa da Gyallesu ba ta sauka. Garin sai faɗaɗa yake ta gefe, yana cin gonaki, tsakiyarsa kuma da gurabe.

Guraben ba iri ɗaya ba ne. Akwai filayen hukumar jirgin ƙasa a Sabon Gari, da tsofaffin kwatas da rumbunan ajiya na zamanin cinikin auduga da gyaɗa, tun lokacin da layin dogo ya iso Zariya a wajajen 1911. Waɗannan na gwamnatin tarayya ne, gwamnan jiha ba shi da ikon raba su, kuma da sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 darajarsu ƙaruwa za ta yi. Akwai filayen makarantu da asibitoci, waɗanda duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Zariya a shekarun baya kan gidajen da aka ce sun shiga harabar makarantun gwamnati ya san ba wurin wasa ba ne. Akwai fulotan da masu hali suka saya suka kewaye, aka rubuta "ba na sayarwa ba ne" da jan fenti a katanga, ana jiran farashi ya ninka.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna a matsayin amana. Takardar mallaka da yake bayarwa yawanci ta shekara 99 ce, sayarwa ko jinginarwa na buƙatar amincewarsa, kuma yana iya soke ta don amfanin jama'a. A jihar Kaduna rajistar fili na hannun hukumar filaye ta KADGIS, izinin gini kuma na hannun hukumar tsara birane ta KASUPDA. Duk ƙungiyar da ta fara karɓar kuɗin mutane kafin ta riƙe takardun waɗannan hukumomi biyu, dukiyar jama'a take jefawa cikin haɗari, ko da shugabanninta masu amana ne.

A wasu biranen da abin ya yi nasara, hukuma ba ta sayar wa ƙungiya fili, aro take ba ta na dogon zango. A Barcelona, ƙungiyar La Borda ta gina gidaje 28 a harabar wata tsohuwar masaƙa, a kan filin hukumar birni da aka ba ta na shekara 75, aka tare a 2018. A Zurich ta ƙasar Suwizalan, ƙungiyar Kalkbreite ta gina gidaje a saman wurin ajiye taragon cikin gari, aka kammala a 2014: taragon na kwana a ƙasa, mutane na kwana a sama. Filin bai bar hannun hukuma ba, saboda haka babu abin da ɗan siyasa zai raba wa yaransa, ƙungiya kuma ta tsira daga kuɗin sayen fili, wanda a tsakiyar gari shi ne ke fara karya mai ƙaramin ƙarfi.

Sai dai a yi hattara da cewa wuri "ba a amfani da shi". Filin da mai zane ke gani fayau a taswira, da yamma filin ƙwallon samarin unguwa ne, ko garejin makanikai, ko wurin da ake sallar gawa. Kududdufan cikin birni kuwa, waɗanda aka haƙa ƙasar gina gidaje da ganuwa daga cikinsu, su ne ke shanye ruwan Agusta. Duk inda aka cike kududdufi da shara aka yi gini a kai, ruwan ba ya ɓacewa, gidan maƙwabci yake shiga. Haka bakin kogunan Kubanni da Galma, haka jikin ganuwa. Waɗannan a bar su yadda suke.

Kangon gado

A nan ne nake ganin babbar damar take, kuma ita ce ba a cika magana a kai ba. Ka shiga lungunan cikin birni ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, za ka tarar da gidan da a da yake ɗauke da mutum talatin. Yanzu zauren ya tsage, azara ta leƙo waje, indararo ya karye ruwa na bin jikin bango, ɗaki biyu ne kawai ke da rai, wata tsohuwa na ciki da jikokinta, sauran tsakar gidan tumaki ne da tafasa. Mai gidan ya rasu da daɗewa, ba a raba gado ba, wasu magadan ma sun rasu sun bar nasu magadan. Wanda ke da kuɗin gyara ba zai zuba a abin da ba nasa shi kaɗai ba. Wanda ke son a sayar ana kallonsa a matsayin mai son tozarta gidan kakanni. In kuma an raba, kowa zai tashi da abin da bai isa ɗaki da banɗaki ba.

Ƙungiyar gama-kai ta dangi na iya kwance wannan ƙulli. Alƙali ko malami ya fitar wa kowa rabonsa kamar yadda shari'a ta tsara, har da tumunin takaba da rabon 'ya'ya mata da aka saba dannewa, amma maimakon a ja igiya a tsaga filin, sai a mayar da rabon kowa hannun jari. A yi takarda ɗaya da sunan ƙungiyar. A gina sassa shida ko takwas a hankali. Mai son zama ya zauna ya riƙa biya, wadda ke aure a Kano ko Kaduna ta riƙa karɓar rabonta daga abin da ya shigo. Fiƙihunmu ma ya riga ya san wannan hanya: haƙƙin shufu'a ya ba abokin tarayya fifikon sayen rabon ɗan'uwansa kafin bare. Wanda kuma Allah ya hore wa fili yana son lada mai gudana, ga ƙofar waƙafi, wadda ke hana sayarwa da gado gaba ɗaya.

Akwai tambayar da dole malamai da lauyoyi su zauna a kanta kafin a aza tubali: in mamba ya rasu, jarinsa gado ne babu shakka, amma sashen da yake ciki ba ya rabuwa goma. Wa zai ci gaba da zama, yaya za a biya sauran, kuma wa zai hana a fitar da matar mamaci da marayu? In ba a rubuta amsar ba, kangon da aka gudu shi za a sake ginawa, wannan karon da bulo.

Ƙasa ko siminti?

Buhun siminti da ake saya ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Ga shi kuma masana'antar siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar carbon dioxide da ke ɗumama duniya. Shi ya sa masu wannan tsari ke komawa ga jar ƙasa, amma wadda aka gauraya da ɗan siminti kaɗan, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, aka matse da inji ta fito bulo mai kaifin kusurwa. Bango mai kauri na irin wannan bulo yana jinkirta shigar zafin rana, da hunturu kuma yana riƙe ɗumi. A Yamai an gina rukunin gidaje shida masu hawa biyu da irin wannan bulo a 2016, cikin masu zanen har da 'yar Nijar Mariam Kamara. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci babbar kyautar zanen gine-gine ta Pritzker a 2022, da ginin ƙasa da rufin kwano mai tazara daga silin ya yi suna.

Zariya ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Garin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, wanda ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830 da bakan gizo na azara da ƙasa da har yau ake karantar da shi, kuma jami'ar da ke Samaru na da sashen zanen gine-gine mafi daɗewa a Najeriya. Amma masu tsoron ginin ƙasa suna da hujja. Ruftawar wani sashe na masallacin a Agustan 2023, wadda ta ci rayukan masallata, Allah ya jiƙansu, ta tuna mana cewa ƙasa ba ta yafe sakaci da ruwa. Sai da harsashin dutse ko kankare, da rufi mai fitowa ya kare bango, da kulawa duk shekara. Ƙungiya mai asusun gyara ta fi magidanci ɗaya iya wannan.

Ruwa ma haka. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, wato rufi mai murabba'in mita 100 na zubar da lita kusan 100,000, jarka 4,000 kenan ta 'yan garuwa. Tankin da zai riƙe wani kaso na wannan, da rijiyar burtsatse ɗaya mai sola maimakon kowane gida ya haƙa tasa kusa da masan maƙwabci, abu ne da gida takwas za su iya, gida ɗaya ba zai iya ba.

Kuɗin fa?

Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya kuma na ba da rance a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari har tsawon shekara 30, yana da kuma tsari na musamman ga ƙungiyoyin gama-kai. Matsala biyu ke nan. Da yawa daga mutanenmu ba za su taɓa rance mai ruwa ba komai ƙanƙantarsa, saboda haka sai an bi ta ijara, wato haya irin ta bankin Musulunci, ko musharaka mai raguwa, inda banki ke tarayya da ƙungiya a mallakar ginin tana sayen rabonsa sannu a hankali. Ta biyu, tela da mai shayi da ɗan acaɓa ba su da takardar albashin da banki ke nema. Ƙungiya na iya tsaya musu, amma sai in littafinta a buɗe yake.

A ɗauka mutum 20 ne, kowa na zuba naira 50,000 a wata. Miliyan 12 kenan a shekara. A farashin kayan gini na yanzu wannan ba zai tayar da sassa 20 ba ko a shekara biyar, kuma da hauhawar farashin da ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuɗin da aka ajiye a banki narkewa yake. Dole a riƙa mayar da shi bulo da kwano da rodi nan take, a riƙa gamawa ana tarewa rukuni-rukuni kamar kwasar adashi, wanda ya tare kuma kuɗin hayar da yake ba wani a da ya koma asusu. Sannan a lura: mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024. Mai wannan albashi ba zai iya zubin 50,000 ba. Ba tare da fili na aro daga hukuma ko waƙafi ba, tsarin zai tsaya ne a kan malaman makaranta, ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa masu ɗan rufin asiri.

Masu ja da maganar

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce amana. Kusan kowace ma'aikata a Zariya na da ƙungiyar adashin ma'aikata, wasu sun yi shekaru suna raba shinkafa da fulotai lafiya, wasu kuma an ji yadda suka ƙare. Maganin ba wa'azi ba ne: rajista da hukuma, sa hannun mutum uku kafin kuɗi ya fita, mai binciken kuɗi daga waje, wa'adin shugabanci, da sanar da kowane mamba ta waya duk abin da ya shiga ko ya fita.

Sai sutura. Gidan da za a cusa sassa takwas a fuloti biyu dole ya hau sama, tagar bene kuma in ta kalli tsakar gidan maƙwabci an ɗauko rigimar da mai unguwa ba zai iya kashewa ba. Matan da ke sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da ɗinki da kitso, suna buƙatar fili na shanya da na murhu da ƙofar da yara masu talla za su shiga. Zanen da aka kwafo daga Turai ba tare da zaure ba, ba tare da kewayen kowane sashe ba, mutane za su ƙi shi, kuma suna da gaskiya. Mata su zauna a teburin zane tun farko, domin su ne ke wuni a gidan.

Akwai kuma masu cewa Bahaushe ba ya jin ya mallaki gida sai ya riƙe takarda da sunansa, wadda zai iya jinginarwa ranar da ciwo ko jari ya taso. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma duk mai shiga ya san abin da ya sarayar. A madadinsa yana samun zama kusa da kasuwa da asibiti da makarantar yara, ya huta da kuɗin Keke Napep sau huɗu a rana, ya huta da fargabar wa'adin mai gida.

Masu gidajen haya da dillalai ba za su ji a jikinsu da wuri ba, domin gida ashirin ko hamsin ba sa motsa farashin gari. Waɗanda za su fara gani su ne magina da maƙera da masu buga bulo, in an yi aikin a Zariya maimakon a yo odar kayan daga waje. Matakin da ke hannun hukuma kuwa bai buƙatar kasafin biliyoyi: a ƙirga filaye da gine-ginen gwamnati da ke zaune a banza a ƙananan hukumomin biyu, a wallafa jerin kowa ya gani, a sauƙaƙa yin takarda ɗaya ga magada da yawa, a gwada ba ƙungiya ɗaya ko biyu aron fili da sharaɗin cewa in an sayar ko an karkatar, filin ya koma hannun hukuma. Masarautar Zazzau da hakimai da masu unguwanni su ne suka san kowane kango da zuriyar da ke da shi, kuma da wuya magada su zauna a tabarma ɗaya in ba su ne suka kira zaman ba.